Abin da Yaro Ke Shigowa da Shi Aji: Farfesa Janet Currie da Bincikenta

Laccar da kwamitin wayar da kai na reshe ya gabatar a taron mambobi. An buga ta a nan domin waɗanda ba su samu halarta ba.



An ɗora wa kwamitinmu nauyin zaɓo masani guda a kowane zango, mu karanta abin da ya rubuta, mu sheƙe, mu kawo wa taro tsabar. A wannan karon mun zaɓi mace, masaniyar tattalin arziki, Farfesa Janet Currie, 'yar asalin Kanada wadda ta yi rayuwar aikinta a jami'o'in Amurka. Mun san wani zai ce, me ya haɗa malamin firamare mai jiran ariyas da farfesar da ke ƙetaren teku? Abin da ya haɗa mu shi ne tambayar da ake jefo mana duk shekarar da sakamakon jarrabawa ya fito da muni: me malamai suke yi? Wannan baiwar Allah ta shafe fiye da shekara 30 tana bin sawun wata tambayar da ta riga waccan, wato wane irin yaro ne ake kawo wa malami, kuma me ya same shi kafin ya taka ƙofar aji.

Tarihin aikinta ba zai ɗauke mu lokaci ba. Ta yi digirinta na farko da na biyu a Jami'ar Toronto, ta tsallaka Amurka ta kammala digirin digirgir a Jami'ar Princeton a 1988. Ta koyar a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, da MIT, da Jami'ar Columbia, ta koma Princeton a 2011, daga baya ta wuce Jami'ar Yale. Ta riƙe shugabancin sashen tattalin arziki a Columbia da kuma Princeton, a 2024 kuwa ita ce shugabar Ƙungiyar Masana Tattalin Arziki ta Amurka.

Abin da ya ja hankalinmu tun farko shi ne inda ta soma. Bincikenta na ƙuruciya a kan mu ne, malamai, da rigimarmu ta albashi. A lardin British Columbia da ke yammacin Kanada, shekaru masu yawa doka ta tanadi cewa in malamai da hukumar makarantun gunduma suka kasa daidaitawa a kan albashi, sai a miƙa maganar ga kwamitin sasantawa, abin da ya yanke kuwa ya hau kan kowa. Currie ta tattara tarihin waɗannan yarjejeniyoyi daga 1947 zuwa 1981, tana neman sanin su wa ke yawan ƙarewa gaban masu sasantawa. Ta gano cewa reshen da ya je gabansu a zagayen da ya wuce ya fi sauran yiwuwar komawa, aƙalla da kashi 10 cikin 100. Shugabanninmu da ke zama teburin tattaunawa sun san wannan ba tare da lissafi ba, domin hanyar da ƙafa ta bi jiya ita take nema gobe. A 1991 kuma, ita da Sheena McConnell suka duba yarjejeniyoyin ma'aikatan gwamnati a faɗin Kanada, suka ce inda aka maye gurbin 'yancin yajin aiki da sasantawar dole, asarar da rikici ke jawowa takan ragu, albashi kuma yakan fi tsoka. Wasu masana sun yi musu a kan wannan sakamako daga baya. Mun ambace shi ne domin a san cewa mai maganar da za mu kawo ta san ciwon ma'aikaci kafin ta juya ga yara.

Juyawar ta zo ne a farkon shekarun 1990, lokacin da Amurka ta ɗauki zafi da muhawara a kan tallafin da gwamnati ke bai wa matalauta, musamman iyaye mata da ke riƙe da 'ya'ya su kaɗai. Masu suka na cewa tallafin yana kashe zuciya, yana hana neman aiki, yana hana aure. Masana tattalin arziki suka duƙufa auna waɗannan: shin uwar ta nemi aiki, shin ta yi aure? Currie ta lura da wani giɓi. Duk waɗannan shirye-shirye da sunan yara aka kafa su, amma kaɗan ne suka tsaya auna abin da suke yi wa yaran. Littafinta na farko, na 1995, a kan wannan giɓi ya tsaya, kuma kusan duk abin da ta rubuta bayansa reshe ne daga wannan kututture.

Tambayar tana da sauƙin yi, amsar ce mai wuya, kuma yana da kyau mu fahimci dalili, domin da irin wannan ake yawan ruɗa mu da alƙaluma. Wanda ya kwatanta mutanen da ke kwance a asibiti da masu kai-kawo a kasuwa, zai iya rantsewa asibiti ne ke sa ciwo. Haka shirin taimakon talaka yake. Yaran da ke cikinsa su ne mafi rauni tun asali, don haka in ka jera su da 'ya'yan masu hali za ka ga suna baya, ka ce shirin bai yi komai ba. Gwanintar Currie ita ce nemo hanyar kwatanta yaro da wanda ya yi kama da shi a komai, in ban da shirin da ake son aunawa.

Misalin da ya fi kusa da aikinmu shi ne Head Start. Shiri ne da gwamnatin Shugaba Lyndon Johnson ta kafa a 1965, cikin abin da ta kira yaƙi da talauci. Irin rabin ajinmu ne, amma na 'ya'yan talakawa masu shekara 3 zuwa 5, kuma bayan koyar da harufa da lambobi ana ciyar da yaran, ana duba lafiyarsu, ana jawo iyaye a jiki. A 1995 Currie da Duncan Thomas suka ce, to, mu kwatanta 'yan uwa ɗaya: wa da ƙane, ɗaya ya shiga shirin, ɗaya bai shiga ba. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, uwa ɗaya. Suka ga wanda ya shiga ya fi ɗan'uwansa maki a gwaji, fari ne ko baƙar fata, kuma yaran da suka shiga sun fi samun allurar rigakafi. Sai dai akwai wani abu mai ɗaci. A wajen 'ya'yan fararen fata ribar ta ɗore, har ta rage musu maimaita aji. A wajen 'ya'yan baƙar fata kuwa ribar makin ta zube cikin 'yan shekaru, kamar an ɗebi ruwa a kwando.

Masu son a rufe shirin suka samu abin faɗa. Su kuwa masu binciken suka bi yaran zuwa makarantun da suka shiga bayan Head Start. A 2000 suka fitar da abin da suka gani: 'ya'yan baƙar fata da suka fito daga shirin suna faɗawa ne makarantun da suka fi lalacewa, har ma sun fi na sauran 'ya'yan baƙar fata lalacewa, alhali takwarorinsu fararen fata suna shiga makarantu irin na kowa. Shukar ta tsiro lafiya, gonar da aka dasa ta ce ba ta da taki.

A nan muke so taro ya ɗan tsaya tare da mu, domin wannan sakamako takobi ne mai kaifi biyu. Yana ba mu hujja a gaban duk wanda ke ɗora wa malami laifin komai, tunda ya nuna cewa yara ba sa isowa aji ɗaya a sahu guda, kuma ana iya ɗaga na baya tun kafin su iso. Amma bai wanke mu ba. Ya nuna cewa duk abin da aka zuba wa yaro a shekarunsa na farko, firamare mara inganci tana iya cinye shi. Ajin da ke da yara 100 da malami ɗaya, ajin da babu benci babu littafi, ajin da malaminsa ya tafi neman abin cefane saboda albashi ya makara, duk suna cikin gonar nan da ba ta da taki. Haka ma ajin da malaminsa yana nan amma ya zauna gindin bishiya yana hira. Kwamitinmu na ganin ƙungiyar da ke son a saurare ta a kan na farkon dole ta iya faɗa wa 'ya'yanta gaskiya a kan na ƙarshen.

Labarin bai ƙare a maki ba. A 2002, tare da Eliana Garces, suka sake bin irin waɗannan 'yan'uwa har suka girma. Fararen da suka shiga shirin sun fi 'yan'uwansu kammala sakandare da shiga kwaleji. Baƙaƙen da suka shiga kuwa, waɗanda aka ce ribarsu ta zube, an samu ƙarancin kamu da tuhumar aikata laifi a cikinsu. Domin adalci mu faɗa cewa wani babban gwaji da gwamnatin Amurka ta sa aka yi daga baya, inda aka raba yara ta hanyar ƙuri'a, shi ma ya ga ribar maki tana dushewa a farkon firamare, kuma har yau masana na jayayya a kan girman amfanin shirin. Abin da muka ɗauka shi ne, takardar jarrabawar ƙarshen zango ba ta iya ɗaukar duk abin da makaranta ta sa wa yaro. Akwai abin da sai bayan shekara 15 yake fitowa, lokacin da babu wanda zai tuna sunan malamar rabin aji.

Daga makaranta sai ta koma asibiti. Medicaid shi ne inshorar lafiya da gwamnatin Amurka ke yi wa talakawa, shi ma a 1965 aka kafa shi. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1990 aka riƙa faɗaɗa shi domin ya haɗa da ƙarin mata masu ciki da yara, amma jihohi ba su yi a lokaci guda ba, wata ta riga wata. Wannan saɓanin lokaci shi Currie da Jonathan Gruber suka yi amfani da shi a 1996. Suka lissafa cewa faɗaɗawar da aka yi wa mata masu ciki tsakanin 1979 da 1992 ta rage mutuwar jarirai da kashi 8.5 cikin 100. Suka kuma ga wani abin da ya dame ta har ta yi ta komawa kansa a rubuce-rubucenta: mutane da yawa da doka ta ba su haƙƙin shiga ba su shiga ba. Cike takardu, da kawo shaida, da komawa ofis sau uku, da sabunta rajista duk bayan 'yan watanni, su ne ke tare hanya, kuma wanda suka fi tarewa shi ne mafi talauci, mafi ƙarancin karatu, wanda domin shi aka yi shirin. Mu da muka sha layin tantancewa da fayil a hammata ba sai an yi mana dogon sharhi ba.

Sashen aikinta da ya fi shahara shi ne wanda ya koma baya har cikin mahaifa. Wani likita Bature ɗan Ingila, David Barker, ya daɗe yana cewa abin da ya sami ɗan tayi yana bin sa har tsufa. Tarihi ya ba da shaidu masu ban tausayi. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus suka toshe hanyar abinci zuwa yammacin Holan, yunwa ta faɗa wa mutane, kuma waɗanda ke ciki a watannin nan sun girma da yawan ciwon zuciya da ƙiba da taɓin hankali fiye da waɗanda aka haifa gabaninsu ko bayansu. Douglas Almond ya nuna cewa Amurkawan da ke ciki lokacin annobar mura ta 1918 sun tashi da ƙarancin karatu da ƙarancin samu. A 2011 Almond da Currie suka tattara irin waɗannan shaidu wuri guda domin masana tattalin arziki, kuma a shekarar ta gabatar da wata babbar lacca a kan rashin daidaito tun daga haihuwa. Jigon maganarta shi ne, bambancin da ake gani tsakanin jaririn talaka da na mai hali a ranar haihuwa, wanda ake ɗauka gado ne na jini, da yawansa daga muhalli ya fito: abin da uwa ta ci, iskar da ta shaƙa, kulawar da ta samu. Abin da ya fito daga muhalli kuwa hukuma na iya gyara shi.

Ga yadda ta tabbatar da batun iska. Dattawan cikinmu za su tuna shingayen karɓar kuɗin hanya da ke manyan titunanmu kafin a rushe su a zamanin Obasanjo, da yadda motoci ke yin cincirindo suna ta tuttuɗo hayaƙi. A jihohin New Jersey da Pennsylvania an kawo wata na'ura mai suna E-ZPass, wadda ke cire kuɗin ba tare da mota ta tsaya ba. Layi ya ragu, hayaƙi ya ragu. Currie da Reed Walker suka ɗauko takardun haihuwa, suka kwatanta matan da ke zaune cikin kilomita 2 daga shinge da waɗanda ke bakin titin amma nesa da shingen, kafin zuwan na'urar da bayansa. A wajen na kusa, haihuwar bakwaini ta ragu da kusan kashi 11 cikin 100, haihuwar jariran da ba su kai kilo 2.5 ba kuma ta ragu da kusan kashi 12. Ba domin jarirai aka kawo na'urar ba, domin direbobi masu gaggawa ne, amma jarirai suka ci riba. A jihar Texas kuma, ita da abokan aikinta suka haɗa rajistar halartar makaranta da awon iska, suka ga idan iskar guba mara wari da ke fita daga salansar mota ta yi yawa, fashin yara yakan ƙaru, ko da yawan nata bai kai iyakar da hukuma ta ce akwai haɗari ba.

Sai batun dalma, wanda ba baƙo ba ne a wajenmu. A jihar Rhode Island ana gwada jinin ƙananan yara domin auna dalma, wadda suke samu daga tsohon fentin gidaje da ƙurar bakin titi da man fetur mai dalma ya bari. Currie da Anna Aizer da wasu suka haɗa sakamakon jinin da takardun makaranta na yaran nan. Ko ɗan abin da ba ya sa yaro kwanciya yana rage makin karatunsa a aji uku, kuma yara maza masu yawan dalma a jini sun fi fuskantar dakatarwa daga makaranta da shiga gidan gyaran hali. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. An ƙirga waɗanda suka mutu. Dubban da suka rayu da gubar a jikinsu sun kai shekarun makaranta bayan haka, kuma yaron da dalma ta taɓa ba ya zuwa da tambari a goshi. Abin da malami ke gani shi ne yaro mai mantuwa, mai saurin fushi, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Sunan da muka saba ba irin wannan yaro, da maganin da muka saba yi masa da tsumagiya, kowa a ɗakin nan ya san su.

Ga 'yan'uwanmu da ke koyarwa a makarantun 'yan mata akwai wani bincike da ya dace su riƙe. A 2003 Currie da Enrico Moretti suka duba gundumomin Amurka da aka buɗe sabuwar kwaleji a cikinsu daidai lokacin da wasu 'yan mata ke da shekara 17. Kusancin kwalejin ya sa wasunsu sun ƙara karatu, da suka zo haihuwa kuma jariransu sun fi nauyi, sun fi cika watanninsu, su kuma iyayen sun fi zuwa awo da wuri. Yarinyar da muke roƙon mahaifinta ya bar ta ta gama sakandare, ashe har da ɗalibin da za a kawo mana nan da shekara 10 muke yi wa roƙo.

A 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta rushe tsohon tallafin kuɗi na iyaye matalauta, ta kawo sabo mai sharaɗin aiki da iyakar shekara 5 a tsawon rayuwa. Mutane da yawa suka ɗauka an gama da talaka. A littafinta na 2006, The Invisible Safety Net, wato ragar tsira da ido ba ya gani, Currie ta ce ragar tana nan, sai dai ba ta kuɗin hannu ba ce. Zarenta su ne inshorar lafiya, da katin sayen abinci, da tallafin madara da abinci ga masu ciki da masu shayarwa, da abincin makaranta, da Head Start, da gidajen gwamnati, da rangwamen haraji ga ma'aikata masu ƙaramin albashi. Ta yi gargaɗin cewa tunda ba a ganin su a matsayin abu guda, ana iya warware su zare-zare ba wanda ya yi kuka. Ta auna da yawansu da kanta. Ita da abokan aikinta sun nuna cewa in sanyi ya tsananta, iyalan talakawa kan rage kuɗin abinci kusan daidai da abin da suka ƙara a kuɗin ɗumama ɗaki, masu hali kuwa ƙara cin abinci suke yi. Sun nuna karin kumallo na makaranta yana gyara ingancin abin da yaro ke ci. Hatta gidajen gwamnati da kowa ke zagi ta samo dabarar auna su: ƙa'ida ta ba iyalin da ke da mace da namiji ɗaki fiye da mai 'ya'ya biyu jinsi ɗaya, don haka sun fi karɓar gidan, kuma ta wannan hanya ita da Aaron Yelowitz suka ga yaran gidajen sun fi samun sararin kwana, sun kuma fi tsira daga maimaita aji.

A 2016 ita da Hannes Schwandt suka jera gundumomin Amurka daga mafi talauci zuwa mafi arziki, suka duba mace-mace daga 1990 zuwa 2010. A wajen dattawa tazarar talaka da mai hali ta ƙaru. A wajen yara kuwa ta ragu, domin mutuwar yara ta fi saurin sauka a gundumomi mafi talauci, a daidai shekarun da aka faɗaɗa musu inshorar lafiya.

Akwai inda kwamitinmu bai bi ta ido rufe ba. Fifikon da littafin ya bai wa taimakon kaya a kan taimakon kuɗi ya dace da ƙasar da in an ce an kai madara makaranta, to an kai. Ita kanta Amurka ta ga ƙarfin kuɗin hannu a 2021, lokacin da aka riƙa tura wa iyaye tallafi wata-wata, wanda jimillarsa a shekara ta kai dala 3,600 ga kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 6. Talaucin yara ya sauko zuwa kashi 5.2 cikin 100 a shekarar, da aka bar shirin ya mutu kuma ya haura zuwa kashi 12.4 a 2022. A wajenmu, tsakanin baitulmali da kwanon yaro akwai hannuwa da yawa. Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta soma a 2016 da naira 70 a kan kowane yaro ya cika azuzuwa a inda ya isa, mun gani da idonmu, mun kuma ga yadda wasu yaran ke ɓacewa da zarar an kwashe kuloli. A Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Ko kuɗi ko kaya, wanne ya fi a wajenmu, tambaya ce da sai an auna, kuma a nan ne muka zo ga abin da ya fi damun mu a duk karatun da muka yi.

Babu ɗaya daga cikin binciken nan da zai yiwu ba tare da rubutaccen bayani ba. Takardar haihuwa mai ɗauke da nauyin jariri da unguwar uwarsa, sakamakon jini da aka adana, rajistar aji da aka cike kullum da gaskiya, takardar dakatarwa da aka sa a fayil: da waɗannan Farfesa Currie ta yi aiki, kuma ƙananan ma'aikata irinmu ne suka rubuta su, ungozoma da akawu da malamin aji, ba tare da sanin wanda zai karanta ba. A ƙasarmu, binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, saura a gida, inda ba sikeli ba takarda. Binciken ya kuma nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Wato a yankin, in aka kawo wa malamar aji ɗaya yara 10, kusan 6 daga cikinsu tamowa ta riga ta taɓa su tun kafin su riƙe fensir. Ga zazzaɓin cizon sauro da ke rage nauyin ɗan tayi, ga hayaƙin murhu da na janareto, ga watannin damina da rumbu ke yin ƙasa kafin kaka. Takardar farko da hukuma ke rubuta sunan yaro da yawa a cikinta ita ce rajistarmu.

Saboda haka kwamiti na roƙon reshe abu biyu. Na ɗaya yana hannunmu, ba ya buƙatar izinin kowa: mu daina cike rajista a ranar Juma'a daga ka. A rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba a ranar, da dalilin fashin in an sani, ciwo ne ko gona ko talla ko kasuwa. A rubuta shekarun yaro gwargwadon abin da iyaye suka tabbatar, da ko ya yi rabin aji ko bai yi ba, a kuma rubuta ranakun da aka kawo abinci da waɗanda ba a kawo ba. Kada a ƙara suna ko ɗaya don a burge mai duba makaranta. In makarantun reshen nan suka yi haka shekara 3 a jere, za mu je gaban sakataren ilimi da takarda a hannu, mu ce ga abin da rabin aji ya yi, ga watan da yara ke ɓacewa, ga abin da ya faru da aka daina ciyarwa.

Na biyu ya shafi takardar buƙatunmu. Albashi a kan lokaci, ƙarin girma, fansho da giratuti suna nan a sama inda suke, ba mu ce a taɓa su ba. Muna neman a ƙara sakin layi guda a ƙarƙashinsu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya domin ilimin tushen. Mu nemi kowace firamare a ƙaramar hukumarmu ta samu rabin aji mai ɗaki nasa da malama tasa wadda aka horar, ba a tara yaran a baranda a miƙa wa wanda ya rasa aji ba. Mu nemi ma'aikatan asibitin unguwa su riƙa zuwa makaranta sau ɗaya a zango su auna tsawo da nauyi, su duba ido da kunne. A taron iyaye da malamai kuma a ba malama ɗaya minti 10 ta yi wa iyaye maza magana a kan awon ciki, domin su ne ke ba da izini da kuɗin mota.

Mun miƙa wa sakatare rubutaccen ƙudurin, kuma muna roƙon shugaba ya sa shi cikin ajandar zama mai zuwa domin a yi muhawara a kaɗa ƙuri'a.